Kalmar Sirrin Munira

Abdulkahar ɗan Miga ne, ɗan Malam Sharhabilu, malamin da ke karantar da yaran unguwa a zauren gidansa, yana kuma noma gero da wake a gonar gado. Duk 'ya'yan gidan da allo suka fara kafin su san biro, shi ma haka, ya kuma sauke da wuri. Sai dai tun yana ƙarami hankalinsa ya fi karkata ga abin da ake kwancewa a mayar. Rediyon mahaifinsa ya sha wuya a hannunsa, haka keken ɗinkin yayarsa. Malam bai taɓa dukansa a kan haka ba. Yakan dai ce masa, idan ka kwance, ka tabbata ka mayar kafin mai abu ya nema.

Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991, ma'aikata suka yi ta kwararowa Dutse daga Kano, garin da a da ba shi da hayaniya ya cika da ofisoshi a gidajen haya. Abdulkahar ya gama sakandare ke nan. Wani ɗalibin mahaifinsa ya samo masa aikin buga takardu da tafireta a wani shago kusa da sakatariya. A nan ya fara ganin kwamfuta, wadda mai shagon ya lulluɓe da zani yana hana kowa taɓawa. Kafin shekara ta zagayo, shi ake kira idan ta ƙi tashi. Daga baya ya tafi Kano ya yi kwas, inda ya haɗu da Jaji, wani ɗan Fagge mai surutu da ya girme shi, wanda ya koya masa haɗa kwamfutoci da waya su riƙa magana da juna. Da ya dawo Dutse sai ya zama mutumin da ake aika mai babur ya ɗauko idan na'ura ta tsaya a ofis.

Mutum ne mai kunya, ba ya son a ga gazawarsa. Idan aka tambaye shi abin da bai sani ba, ba ya cewa bai sani ba, sai ya ce bari ya duba, ya je ya yi ta fama har ya gano. Wannan hali ya sa ya iya aiki, shi ne kuma ya jawo masa abin da ya fi damunsa a rayuwa.

A shekarar 2002 yana aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta da ke haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Jahun da Miga. Shugabar ofishin, Hajiya Rakiya, tsohuwar malamar makaranta ce, mai faɗa amma mai adalci. Sakatariyarta Munira ce, 'yar Jahun, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya. Kawunta, Alhaji Isah, shi ke riƙe da ita, kuma da ƙyar ya yarda ta zo Dutse aiki, bisa sharaɗin ta zauna a gidan gwaggonta. Lokacin shari'a ba ta daɗe da kankama a jihar ba, kowa na lura da kowa, mace mai aikin ofis kuwa ta fi kowa sanin idanu na kanta. Munira ba ta wasa da kowa. Tana zuwa da hijabinta, ta yi aikinta, ta tashi a kan lokaci.

Kafin wannan shekarar, duk saƙon da za a aika wa abokan hulɗar ƙungiyar na waje sai an je shagon intanet, a bi layi, a jira. Da aka kafa wa ofishin farantin intanet a kan rufi, Hajiya Rakiya ta ce tana son su mallaki imel na kansu, kowane ma'aikaci da adireshinsa mai sunan ƙungiya. Abdulkahar ya ce zai iya. Ya ware wata kwamfuta ya mai da ita saba, wato na'urar da ke karɓar saƙonni ta raba wa masu su, ta kuma fitar da nasu, kamar ƙaramin gidan waya a kusurwar ofis. Bai taɓa haɗa irinta shi kaɗai ba. Ya yi ta buga wa Jaji waya, har dai Jaji ya gaji ya ce masa ya buɗe masa hanyar shiga na'urar daga Kano ya duba da kansa. Ya buɗe, Jaji ya gyara abin da ya cije, ya ce masa, "To, ka rufe wannan hanyar yanzu, kuma kar ka bar kowa da kalmar sirri ta wasa."

Ranar wata Alhamis da rana saƙon farko ya fita ya dawo. Ma'aikata suka taru a bayansa suna murna. Domin a yi sauri, ya buɗe wa kowa adireshi, ya sa wa kowa sunansa a matsayin kalmar sirri, da niyyar washegari ya bi su ɗaya bayan ɗaya su canza. Yana cikin haka aka aiko daga Miga cewa matarsa Ikilima, wadda ta tafi gida goyon ciki, ta sauka lafiya, an samu ɗa namiji. Ɗansu na fari ne. Ya miƙe yana neman hularsa, Hajiya ta ce ya tafi, ya zauna har a yi suna.

A bakin ƙofa Munira ta tare shi.

"Barka, Malam Abdulkahar, Allah ya raya. Amma kafin ka tafi, nuna mini yadda zan canza kalmar nan. Sunana ne fa kawai, kowa ya san shi."

"Malama Munira, wa zai kula da mu a nan Dutse? Bari in dawo, zan yi wa kowa gaba ɗaya."

Ta ce to. Ya hau mota ya tafi, bai canza kalmar kowa ba, bai kuma rufe hanyar da ya buɗe wa Jaji ba. A kan hanya ma ya tuna, ya ce a ransa mako ɗaya ba komai.

An yi suna lafiya, aka raɗa wa yaro Abdulrauf. Abdulkahar ya dawo ofis da goro da alawa a leda, ya tarar da wurin tsit kamar gidan makoki. Teburin Munira na nan, ita ma tana zaune, amma ba ta ɗago ba. Masinja ne ya ja shi gefe ya faɗa masa abin da ya faru. Tun farkon mako saƙonni suka fara fita da sunan Munira, masu ɗauke da hotunan tsiraici da maganganun banza, suka je wa duk wanda ofishin ke hulɗa da shi. Sun je wa abokan hulɗa na waje, sun je wa wani jami'i a ma'aikatar ruwa, sun kuma je wa ɗan wani dattijon limami da ke cikin kwamitin amintattun ƙungiyar, wanda shi ke buɗe wa mahaifinsa saƙo. Dattijon da kansa ya zo ofis, ransa a ɓace.

Tun kafin masinja ya rufe baki Abdulkahar ya san abin da ya auku. Ya ajiye ledar goron a kan wata kujera, ya manta da ita.

Hajiya Rakiya ta kira shi ofishinta. Limamin na zaune, Munira na tsaye a gefe, idanunta sun kumbura.

"Abdulkahar, kai ka san na'urar nan," in ji Hajiya. "Yarinyar nan ta rantse ba ita ba ce, ni ma ban san ta da haka ba. Ka faɗa mana, wani zai iya aika saƙo da sunanta?"

Ya dubi limamin, abokin mahaifinsa ne, ya san shi tun yana yaro. Ya dubi Hajiya, wadda ta amince masa ta ba shi aikin da ya ce zai iya.

"Hajiya, sai dai wanda ya san kalmar sirrinta," ya ce.

"Kin ba wa wani?" Hajiya ta juya ga Munira.

"Ban ba kowa ba, Hajiya."

Munira ta ɗago ta dube shi, tana jira ya ƙarasa. Ita ba ta san yadda na'urar ke aiki ba, ba ta san ko maganar da suka yi a bakin ƙofa tana da alaƙa da wannan masifa ba, amma ta san akwai sauran magana a bakinsa. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, ya ce zai bincika. Bai yi ƙarya ba, kuma ya san hakan bai wanke shi ba. Limamin ya ce ba ya son a kai maganar gaban 'yan Hisba, a rufa wa yarinya asiri, amma ta ɗan zauna a gida har a gano. Hajiya ta amince ba da son ranta ba. Kafin la'asar labari ya kai Jahun, washegari Alhaji Isah ya zo da kansa ya kwashe ta da 'yarta daga gidan gwaggo.

Abdulkahar ya faɗa wa aiki kamar wanda ake kora. Ya zare wayar intanet daga sabar, ya buga wa Jaji ya ce ya taimaka ya zo. Jaji ya iso ranar Asabar da hantsi, suka zauna a ofis ba kowa sai mai gadi a waje. Da Jaji ya leƙa cikin na'urar sai ya yi salati.

"Kai, ai ba ka rufe komai ba! Dubi nan. Tun daren da ka kunna ta ake ƙwanƙwasa mata."

Ya nuna masa yadda ake ta gwada shiga daga ƙasashen da Abdulkahar bai taɓa jin sunan wasunsu ba, ana gwada suna bayan suna, kalma bayan kalma.

"Wa ya san mu a can?" Abdulkahar ya tambaya. "Me muka yi musu?"

"Ba su san ku ba. Ba ma mutane ne ke zaune suna yi ba, na'urori suka saki suna bin duk adireshin duniya suna taɓa ƙofa. Wadda suka samu a sake, su shige su yi ta aika shararsu da sunan mai gida. Abu na farko da suke gwadawa shi ne sunan mutum a matsayin kalmarsa. Ta wannan baiwar Allah aka fara dacewa, da ba ita ba ce, da kai ne ko Hajiyarku."

Suka goge komai suka sake ɗora na'urar daga tushe, don Jaji ya ce wadda aka riga aka shiga ba a sake yarda da ita. Suka rufe duk hanyar da ba a buƙata, suka bar ta saƙo kaɗai. Suka hana sabar karɓar saƙon baƙo ta miƙa wa wani baƙo, sai na 'yan ofis. Suka sa mata shinge mai tantance abin da ke shigowa, suka tsara ta yadda duk wanda ya yi ta kuskuren kalma za a toshe shi. Suka sabunta manhajojinta. Jaji ya ce kowane ma'aikaci ya zaɓi doguwar kalma mai haɗe da lambobi, wadda ba sunansa ba ce, ba sunan ɗansa ko garinsu ba, kuma Abdulkahar ya riƙa duba na'urar kowace safiya kafin ya sha shayi. Suka kuma rubuta wa masu kula da manyan gidajen imel, don an riga an sa adireshin ƙungiyar cikin waɗanda ake ƙin karɓar saƙonsu, rahoton rijiyoyi ma da aka aika waje ya dawo.

Da za su rabu a tasha Jaji ya ce, "Ita matar fa? Ka gaya musu ba laifinta ba ne ko?"

"Zan gaya musu."

Bai gaya musu ba. Ranar Litinin ya ce wa Hajiya an gyara, an toshe ɓarayin intanet, ba za a sake ba. Ya yi ta bayani a kan shinge da sababbin kalmomi, yana fatan ta fahimci sauran da kanta. Hajiya kuwa abin da ta ɗauka shi ne Munira ta yi sakaci da kalmarta a wani wuri, ko ta ba wanda bai kamata ba. Kullum ya shigo ofis sai ya wuce teburin da ba kowa. Aka ba shi ya riƙa buga wasiƙun da take bugawa, ya zauna a kujerarta, ya tarar da ƙaramin man shafawarta da carbi a aljihun tebur. Abinci ya daina yi masa daɗi. A masallaci idan liman ya yi wa'azi a kan ƙazafi sai ya ji kamar da shi ake, duk da cewa shi bai ce ta yi ba. A gari kuwa magana ta yaɗu, ta ƙaru. Wasu na cewa hotunanta ne, wasu na cewa da wani Bature take hulɗa.

Da Ikilima ta gama wanka ta dawo Dutse, ba ta daɗe ba ta lura. Wata safiya tana ba yaro nono, shi kuma yana zaune da koko a gabansa bai taɓa ba, ta ce, "Malam, tun da na dawo ba ka nan. Ko ni na yi wani abu?"

Ya gaya mata duka, har da maganar bakin ƙofa. Ta gyara wa yaron kwanciya.

"Jiya a gidan kitso na ji ana zancenta," ta ce. "Har na sa baki na ce Allah ya shirya. Ka ga ka sa ni ma na ɗauki alhakinta. Ita marainiyar 'yarta da wane suna za ta tashi?"

"Idan na faɗa, korata za a yi. Kuma Baba zai ji."

"To ya ji mana. Gara ya ji daga bakinka."

Ranar ya shiga ofishin Hajiya Rakiya ya rufe ƙofa. Ya faɗi yadda ya sa wa kowa sunansa, yadda Munira ta roƙe shi ya canza mata ya ƙi tsayawa, yadda ya bar hanya a buɗe ya tafi suna. Hajiya ta cire tabarau ta ajiye.

"Ranar da na tambaye ka a gaban Liman, ka san wannan?"

"Na sani, Hajiya."

"Kuskuren na'ura kowa na yi, Abdulkahar. Da ka faɗa a ranar, da faɗa kawai zan yi maka, yarinyar nan ta koma teburinta. Ka tsaya kana kallo aka tafi da ita." Ta miƙe ta ɗauki mayafinta. "Tashi. Wurin Liman za mu fara, daga nan Jahun. Kai za ka yi bayani, ba ni ba."

Limamin ya saurara har ƙarshe, ya yi istigfari, ya ce shi ma ya yi gaggawa, ya kuma ce zai bi su. A Jahun suka sami Alhaji Isah a rumfarsa ta hatsi a bakin kasuwa, ya kai su gida aka shimfiɗa tabarma a zaure. Abdulkahar ya durƙusa ya yi bayani da Hausar da ya fi sauƙaƙawa. Alhaji Isah bai gane zancen na'urorin da ke taɓa ƙofa daga wata ƙasa ba, amma ya gane cewa ga limami da Hajiya sun taso takanas, ga kuma ɗan Malam Sharhabilu a durƙushe yana cewa laifinsa ne.

"Na ji," ya ce. "Ni dama zuciyata ba ta kama ba. Amma yaro, ka san abin da muka gani a garin nan? Akwai wanda ya fara neman aurenta, mutumin kirki, ya janye. Wannan bayanin naka wa zai bi gida gida ya kai shi?"

Aka kira Munira. Ta zo ta zauna daga bakin ƙofar cikin gida, ta gaishe da manya. Ta rame. Hajiya ta ba ta haƙuri, ta ce teburinta na jiran ta. Abdulkahar ya ce, "Malama Munira, ki yafe mini don Allah."

Munira ta ɗago ta dube shi.

"Maganar kalma na yafe, Malam, ɗoki ne na haihuwa. Amma ranar nan na dube ka, ka ga na dube ka. Wannan ka ba ni lokaci. Hajiya, na gode, amma Dutse ba zan koma ba. Ba zan iya shiga ofishin nan ana kallona ba."

Ba yadda ba a yi ba, ta ƙi.

Hajiya ba ta kori Abdulkahar ba, ta ce babu wanda zai riƙe na'urar idan ya tafi, kuma shi ya fi kowa sanin abin da sakaci ke jawowa yanzu. Ya so a ce an kore shi, da ya fi masa sauƙi. An yi bayani a taron amintattu, an aika wa duk wanda ya sami waɗancan saƙonni cewa kutse aka yi, limamin ma ya taɓo zancen a huɗuba ba tare da kama suna ba. Duk da haka waɗanda suka ji labarin farko sun fi waɗanda suka ji na biyu yawa. Da Abdulkahar ya je Miga ya gaya wa mahaifinsa, Malam Sharhabilu bai yi faɗa ba. Ya ce masa ya riƙa sa Munira a addu'a, kuma duk inda ya ji ana zancenta kar ya yi shiru.

Sabar ta yi aiki shekaru har ƙungiyar ta kammala ayyukanta ta rufe ofis, ba a sake shiga cikinta ba, ko da yake ba a taɓa daina gwadawa ba. Abdulkahar ya ci gaba da kula da na'urori a ofisoshin Dutse, aka san shi da tsanani. Ba ya miƙa wa kowa adireshi sai ya tsaya a kansa ya canza kalma a gabansa, ko darakta ne, ko ana kiran salla ne sai dai a dawo a ƙarasa. Wasu na cewa ya cika naci.

Munira ta zauna a Jahun. Daga baya ta sami tsohuwar kwamfuta ta buɗe ɗan shagon buga takardu kusa da asibiti, ta auri wani malamin firamare, 'yarta Bilki ta yi karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Abdulkahar yakan bi ta Jahun idan zai je gida. Shekarun farko idan ya hango shagon sai ya sauya hanya. Wata rana na'urar buga takardunta ta lalace, mijinta ya tambaya a gari wa ya iya, aka ce masa ɗan Miga nan da ke Dutse. Mijin bai san komai ba, ya aika masa. Abdulkahar ya zo, ya yi sallama, ta amsa. Ya gyara na'urar yana zufa, ita tana gefe tana jera takardun wani ɗalibi. Da ya gama ta kawo masa ruwa a kofi, ta tambaye shi lafiyar Ikilima da yara. Ya ce suna lafiya. Ya sha ruwan, ya yi godiya, ya fita ya tsaya bakin titi yana jiran motar Miga.